Furen da Inna Ta Turara

Shekarar da aka rushe Karantina, tsohuwar unguwarmu a Jidda, Inna ta dawo wurina a unguwar Bani Malik da akwati biyu da katifa. Na share mata ɗakin da ke kallon titi, ta shiga, ta zauna a bakin gado, kuma kusan a nan ta shafe wata takwas.

Wanda bai san ta a da ba ba zai gane abin da ya tayar mini da hankali ba. Inna mai haɗa turaren wuta ce da humra. Daga Sudan aka kawo ta Jidda tana amarya, da sana'ar a hannunta, gadon kakarta. A lungunmu babu yarinyar da ake kaiwa ɗakin miji ba ta bi ta hannun Inna ba. Ta soya itacen sandal da sukari, ta daka farcen turare, ta jiƙa, ta rufe kwalba ta hana kowa taɓawa. In biki ya matso ta kifa kabbasa, kwandon turara kaya, a kan kasko, ta shimfiɗa kayan amarya ɗaya bayan ɗaya, ta lulluɓe da bargo har hayaƙin ya ratsa zare. Tana yi tana faɗa, da 'yan gida da baƙi, kowa sai ya samu rabonsa. Da katafila ta shigo unguwar, mutanen nan suka watse. Wasu unguwar Mahjar, wasu Makka, wasu suka koma ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ba wanda ya sake ƙwanƙwasa ƙofa yana neman Inna.

Faɗan ma ta daina. In na kawo abinci ta ci loma uku ta ture. In na tambaye ta me ke mata ciwo, ta ce babu. Likita ma ya ce babu. Ni kuwa na san wannan babun, domin na ga wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta yi irin zaman nan bayan an tashe su, ba ta kai azumi ba. Abin da nake so bai wuce ɗaya ba, Inna ta tashi daga bakin gadon nan ta sake zama mutum mai abin yi.

Ni ba mai iya zama ba ce. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma tun ina yarinya ake ce mini da kifin muka haɗa kaka. Sai in dawo daga aiki in yi ta shiga ɗakinta ina fita. In ɗaga labule, in sauke. In kunna mata rediyo, in kawo mata gulmar da ko ni ba ta dame ni ba. Ta bi ni da ido kawai. Wata rana ta ce, "Ke 'yar nan, kina sa ni jiri," har na ji daɗi don ta yi magana.

Aikina a shagon furanni ne. Mai shagon wani dattijon Balarabe ne, Bahadrame, mai ƙarancin magana da yawan lissafi. Ma'aikatansa duk maza ne sai ni, kuma dalilin ɗaukata a fili yake. Maza sukan shiga zauren mata da safe su kafa ƙarafunan kosha, wato dandamalin da amarya za ta zauna, su fita. Daga Azahar mata sun fara shigowa, namiji ba ya taka wurin. To fure kuwa ba a jera shi tun safe. Sai an samu mace a ciki, ni ce macen.

Cikin duk furannin da ke ratsa hannuna babu wanda ya fi ba ni wahala kamar haidaranjiya. Kai guda ya kai girman kan jariri, ƙananan furanni ne ɗaruruwa suka dunƙule wuri ɗaya. Shi ya sa masu kosha ke son ta, kai goma sun rufe wurin da wardi hamsin ba zai rufe ba. Amma ba ta da haƙuri ko kaɗan. Ka bar ta minti ashirin ba ruwa, ko iskar waje ta buge ta, sai ta sunkuyar da kai ta yi laushi kamar tsumma.

Kuma ba 'yar nan ba ce. A jirgi take zuwa. Farar mai babban kai daga Kolombiya ake kawo ta, kowane kara da 'yar ledar ruwa ɗaure a gindinsa. Ta Holand ta fi launi kuma ta fi tsada. Ta Kenya ta fi kusa, tana isowa ba ta gaji sosai ba. Rabin yinin mai shago a waya yake da dillalai, yau an ce ruwa ya ɓata gonaki a can, gobe an ce Turawa sun shiga lokacin bukukuwansu sun kwashe farar, jibi kuɗin jirgi ya tashi. Amaren kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Da na fara aikin fara kowa ke so. Sai aka koma shuɗiya, musamman in an haifi namiji za a yi wa mai jego ado. Daga baya aka shiga yayin wata mai launin da ya koɗe, kore-kore ja-ja, ka rantse an manta da ita a rana ne, kuma ita ce mai tsadar. Yanzu har da wadda aka jiƙa da magani don ta shekara ba ta mutu ba, in ka taɓa ta kamar roba. Ana ta cewa wasu sun fara gwada nomanta a duwatsun Ta'if da Abha, ni dai ban riƙe ta gida a hannuna ba tukuna. Yarinya za ta zo ta miƙo mini waya da hoton bikin wata ƙasa mai sanyi, ta ce haka take so, a Jidda, a tsakiyar zafi. In ce in sha Allah, in koma baya in yi tsaki.

Wata Alhamis aka samu ragowar kai ɗaya, na kawo gida na sa a kofi kusa da gadon Inna. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta jawo kofin ta kai hanci. Ta sake kaiwa.

"Wannan farin kabejin kuma fa?"

"Fure ne, Inna. Shi ake yayi. Daga bayan teku ake kawo shi."

"Ba ya ƙamshi."

"Haka Allah ya yi shi."

"Shi ake jera wa amarya?" Ta gyara zama. "A ɗauko abu a jirgi, a kewaye 'yar mutane da shi, ba ƙamshi ba komai? To me ta shaƙa? Kai, mutanen yanzu!"

Ta yi kusan minti goma tana zazzaga. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, daɗi kamar ya kashe ni. Rabon da in ji wannan muryar tun muna Karantina. Nan take na ƙulla abin da zan yi. Na ce mata ina da babban biki ranar Juma'a ta sama, hannuna ba zai isa ba, ko za ta taimaka mini da cire ganye? Ƙarya ce, hannuna ya saba isa. Ta ce za ta duba. Amma ranar tun kafin in gama shiri na same ta a falo da abayarta, da jakar hannunta a cinya.

Muka isa zauren bayan an sauko daga masallaci. Maza sun kafa ƙarafa sun tafi, sun bar mini bokitai jere a ɗakin baya inda mukayyif ke busa sanyi. Farar haidaranjiya ce zalla, uwar amarya ta ce ba ta son ganin wani launi. Na zaunar da Inna a kujera na nuna mata aikin. A zage ganyen ƙasa, a yanke gindin kara a karkace, a dangwala shi a garin alif don ya buɗe ya sha ruwa, a mayar bokiti. Ta kalli hannuna sau ɗaya ta karɓi almakashin. Kafin in juya ta fi ni sauri.

Ana haka wata mata mai shara ta leƙo da tsintsiya. Ta tsaya cak, ta saki tsintsiyar.

"Inna? Inna mai turare?"

Ashe 'yar lungunmu ce ta da, Inna ce ta gyara ta lokacin aurenta, yanzu tana zaune a Mahjar. Ta durƙusa ta kama hannun Inna tana sumbata, suka shiga lissafin wa ya koma ina, wa ya rasu, wa aka kama ba iƙama, wato takardar zama. Na ga fuskar Inna ta buɗe. Na ce a raina alhamdulillahi, na ɗauki bokiti biyu na nufi ƙofar shiga, inda zan fara jera bakan fure.

Bakan ya ci mini lokaci fiye da yadda na zata. Waya ɗaya ta kwance, na hau tsani na sauka ya fi sau goma, ga mai shago yana bugo waya yana tambaya ko na kai rabi. Na fi rabin awa ban leƙa ɗakin baya ba. Da na juyo ɗaukar wasu bokitan, tun daga tsakiyar zauren hancina ya gaya mini. Sandal ne da farce, irin haɗin da ba a sayarwa a shago. Na saki bokitin da ke hannuna na ruga.

Inna ta haɗe bokitai shida wuri ɗaya, ta ajiye kaskonta a tsakiya da garwashi jajir, ta ɗauko manyan kyallayen tebur biyu ta lulluɓe su ruf, yadda take yi wa kayan amarya. Ta kashe mukayyif don kada ya janye hayaƙin. Ashe abin da ke cikin jakar ke nan, kasko da gawayi da kwalba. Tana tsaye tana danne gefen kyallen da ƙafa, tana yi wa mai sharar bayanin cewa sai ya ɗan jima kafin ya kama.

Na fizge kyallen. Hayaƙi da zafi suka buge ni a fuska. Kai sittin, ko fiye, duk sun sunkuya sun rataya a bakin bokiti. Na kusa da kaskon har sun fara yin rawaya. Furen kosha ke nan gaba ɗaya, babu wani a shago, babu inda za a samo shi ranar Juma'a da La'asar.

In raina ya ɓaci Larabci ke riga Hausa zuwa bakina, kuma ranar duka biyun suka fito tare.

"Esh hada, ya Inna? Me kika yi?"

"Ƙamshi na sa masa," in ji ta. "Ai ba a kai wa amarya abu haka gayansa."

"Wa ya sa ki? Wa ya tambaye ki? Nan ba Karantina ba ce! Karantina halas, an rushe ta! Abin da kika sani ya wuce, ba mai son sa yanzu. Ganye na ce ki cire, ganye kawai, shi ma ya gagare ki?"

Mai sharar ta ce, "Haba, ya ukhti," a hankali. Ban ko kalle ta ba. Inna ta sunkuya ta ɗauki kaskon da gefen mayafinta, ta kamfaci ruwa a bokiti da tafin hannu ta zuba a kan garwashin. Ya yi cuu, ya mutu. Ta juye tokar a kwandon shara, ta naɗe kaskon a leda ta mayar jaka.

Ban tsaya tunanin abin da na faɗa ba, lokaci ba ya hannuna. Abu ɗaya na sani game da haidaranjiya wanda ya sha ceto na, ba da kara kaɗai take shan ruwa ba, har da kanta. Na ce wa mai sharar ta kawo mini duk wani baho da ke gidan. Muka jawo su banɗakin mata, muka cika da ruwan sanyi, na riƙa sake yanke gindin kowane kara ina dulmiya furen da ka. Bahon bai isa ba, muka toshe wurin alwala muka cika shi ma. Na kunna mukayyif har ƙarshe. Ina zuwa in ɗaga ɗaya in duba, in mayar, in duba agogo, in fita zaure, in dawo. Mai shago ya bugo sau uku, na ce masa komai tamam.

Inna kuwa ba wanda ya sa ta, ta riƙa ɗauko bokitai tana zubar da ruwan da ya yi ɗumi tana sake cikawa. Mace mai shekara saba'in da ɗoriya. Na gan ta tana ɗingisawa da bokiti, na buɗe baki in ce ta ajiye, sai na tuna da wane baki, na koma kan furen.

Wajen awa guda suka fara tashi. Ka ɗaga kai daga ruwa ka girgiza, ka ji ya yi tauri a hannu kamar ba shi ne ya mutu ɗazu ba. Goma sha biyu ne suka ƙi, su ne na kusa da wuta, na tura su can ƙasa ta baya inda ba mai gani. Sauran na jera su ina gudu, rigata sharkaf, yatsuna sun yi fari. Ana kiran Magariba na soke na ƙarshe.

A lokacin uwar amarya ta shigo duba wuri, da 'yan'uwanta biyu a bayanta. Ta zagaya koshar a hankali. Sai ta tsaya, ta matsa kusa, ta sunkuya. Hayaƙin sandal mai maiƙo ne, ruwa bai fitar da shi duka ba.

"Ma sha Allah," in ji ta. "Na sha ganin furen nan, ban taɓa jin mai ƙamshi ba. Wane iri ne wannan?"

Inna tana bayana, tana tattara ganye a leda. Na san tana ji. Da na juya na nuna ta na ce ga mai aikin, da shi ke nan. Amma na hango maganar ta isa kunnen mai shago, ya tambayi yadda aka yi wuta ta shiga cikin furensa, ya tambayi wa ya ba ni izinin shigo da wata. Duk wannan ya gilma mini kafin ƙiftawar ido.

"Sabon iri ne," na ce. "Daga Holand."

Matar ta ce lallai Turawa ba sa gajiya, ta ce za ta gaya wa ƙawayenta. Suka fita suna yabawa. Da na waiwaya Inna ta ɗaure bakin ledar, tana tambayar mai sharar inda ake zubarwa.

Muka hau mota. Ni ce na yi ta surutu, cunkoson hanya, tsadar tumatir, zafin bana. Da muka isa ta hau bene a gabana tana riƙe da ƙarfe, ta shiga ɗakinta ta turo ƙofa. Washegari na same ta a bakin gado.

Magana zarar bunu ce, na sani tun ina ƙarama, sanin bai hana ni ba. Kwanakin da suka biyo baya na rasa inda zan sa kaina. In shiga ɗakinta da niyyar ba da haƙuri, in ƙare da gyara labule. Na sayo mata itacen sandal mai kyau na ajiye a kan tebur, ta ce an gode, yana nan a ledarsa. Mai shago ya ce wata mata ta bugo tana neman haidaranjiya mai ƙamshi, ya tambaye ni ko na san zancen, na ce wataƙila turaren zauren ne ya kama. Ya ɗaga kafaɗa ya koma wayarsa. Aikina bai taɓu ba ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Bayan mako biyu, wata Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai sharar nan ce, ta sha mota biyu daga Mahjar, da ledar lemo a hannu. Na kai ta ɗakin Inna, na shiga kicin na ɗora shayi, na bar ƙofa a buɗe. Suka gaisa, suka taɓa hira. Sannan na ji ta gyara murya.

"Inna, babbar 'yata za ta yi aure bayan Sallah. Na ce ba mai taɓa ta sai ke. Yadda kika yi mini, haka nake so ki yi mata."

Na tsaya da butar shayi a hannu. Wata takwas ina jiran wani ya zo ya faɗi wannan maganar.

"Allah ya sa albarka," in ji Inna. "Amma ki tambayi mai gidan. Ita ta san abin da ake so yanzu."

Na ajiye butar na shiga. Ban damu da baƙuwa ba, na durƙusa a gabanta na kama ƙafarta.

"Inna, ki yafe mini. Wallahi ɓacin rai ne. Ƙamshin da uwar amarya ta yaba naki ne, tsoro ne ya sa na yi ƙarya. Ki yi wa yarinyar nan, ni zan kai ki, ni zan hura miki wuta."

Ta ɗora hannu a kaina. Ba fushi a muryarta, da ma akwai da na fi samun sauƙi.

"Tashi, 'yar nan. Na yafe miki tun a mota." Ta janye hannunta. "Ai ba ƙarya kika yi mini ba. Karantina kam an rushe ta."

Baƙuwar ta yi roƙo, na yi, Inna ta juya zancen ta koma tambayar lafiyar surukar baƙuwar. Baƙuwar ta sha shayinta ta yi sallama. Na raka ta har ƙasan bene. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara niƙabi, ta tambaye ni a hankali ko na san shagon da ake samun turaren amare mai ɗan dama-dama, tunda lokaci ya matso. Na sani. Na tsaya a rana na kwatanta mata hanya.